Wane irin amalanke ne ya dace a ɗaura wa keke don cefane da ɗiban ruwa?

Malamin Firamare, Zariya:

Assalamu alaikum. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na jingine babur na koma kan kekena, wanda Phoenix ne irin na da mai birkin sanda, kuma yana kai ni makaranta ya dawo da ni ba tare da wata matsala ba. Inda yake gazawa shi ne wajen kayan gida, domin kariyarsa ba ta ɗaukar jarka biyu ta ruwa, kuma duk ranar da na ɗaure tukunyar gas ko rabin buhun masara a kanta sai keken ya riƙa rawa har in kai gida. Ina so in samu ƙaramin amalanke irin wanda ake ɗaura wa keke a baya. Shin mai taya ɗaya ya fi ko mai biyu, kuma gara in nemi na ƙasar waje ko in kai wa mai walda ya ƙera mini?

Ɗalibi a Jamus:

Wa alaikumus salam, Malam. A nan abin ya zama ruwan dare, har yara ake kai wa makaranta a cikinsa, saboda haka zan faɗi abin da na gani. Mai taya ɗaya, irin BOB Yak, yana bin sawun keken sak kuma yana kwanciya tare da shi a kwana, amma iyakarsa kilo 32 ne, kuma da yake ba ya tsayuwa da kansa, mai keken ne yake riƙe da nauyin duk lokacin da aka tsaya. An yi shi ne domin masu doguwar tafiya a siririyar hanya, ba domin jarkar ruwa ba. Akwai kuma Burley Travoy da ake maƙalawa a ƙarfen sirdi, wanda ake cirewa a shiga da shi kanti ana jan sa da hannu, shi ma bai wuce kilo 27 ba. Wanda ya fi kusa da buƙatarka shi ne mai taya biyu da shimfiɗaɗɗen gado, kamar Burley Flatbed mai ɗaukar kilo 45. Sai dai ka lura, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka biyu masu lita 25 sun riga sun kai kilo 50 tun ba a lissafa da nauyin robar ba. Masu ɗaukar fiye da haka, irin na kamfanin Surly da ke kai wa kilo 136, kuɗinsu ya fi na keken naka nesa ba kusa ba.

Tsohon Mai Gyaran Keke:

Ɗana na Jamus ya yi bayani mai kyau, amma ni ba zan ba Malam shawarar na waje ba ko da ya same shi a gwanjo. Ranar da mahaɗinsa, wato abin da ke haɗa shi da keken, ya karye ba za ka samu irinsa a Sabon Gari ko Tudun Wada ba, sai ka jingine shi a zaure. Mai walda zai iya ƙera maka, da sharaɗin kada ka bar shi ya yi abin da ya saba. Yawancinsu da sun ji amalanke sai su ɗauko ƙarfe mai kauri irin na kurar 'yan garuwa, su yi maka abin da shi kaɗai ya kai nauyin buhun siminti, alhali kekenka giya ɗaya gare shi kuma ƙafarka ce injin. Ka ce ya yi amfani da siririn fayif, ya shimfiɗa katako marar kauri ko raga a kai, ya sa tayoyin gaba na keken yara masu inci 20, domin tib ɗinsu da tayarsu suna wurin kowane mai faci, kuma ƙaramar taya ta fi babba jure turin da ke zuwa mata daga gefe a kwana.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne mahaɗin. Dole ne ya yi motsi ta fuska uku, wato ya juya dama da hagu, ya ɗaga ya sauka idan an hau tudu ko an faɗa rami, sannan ya bar keken ya kwanta gefe ba tare da ya murɗa amalanken ba. Wannan na ukun ne masu walda suke mantawa, sai su sa kusa ɗaya a tsaye su ce an gama, kuma kwanar farko da za ka sha ko dai kusar ta lanƙwashe ko tayar amalanken ɗaya ta tashi sama. Abin da na ga yana aiki shi ne a yanko guntun tsohuwar tayar mota mai kauri a ɗaure da noti tsakanin hannun amalanken da wani ɗan faifan ƙarfe, shi kuma faifan a matse shi a ƙarƙashin notin tayar baya ta hagu, wato ɓangaren da babu sarƙa. Ɗaurawa a can ƙasa ya fi ɗaurawa a ƙarƙashin sirdi, saboda idan ka taka birki da kaya masu nauyi, wanda ke sama yana tura keken daga bisa har tayar baya ta yi sauƙi ta zame. Ka ƙara da igiya mai ƙarfi ko guntuwar sarƙa a matsayin ko-ta-kwana.

Sannan birki. Birkin sanda yana da rauni ko da rani, idan kuma ruwa ya jiƙa ƙarfen tayar da damina sai abin ya ƙara lalacewa. Ka sauya robobin birkin gaba da baya kafin ka ɗaura komai, kuma a gangare ka sauka ka tura idan ruwa ka ɗauko.

Wata Uwar Gida, Maraɗi:

Baba ya gama magana a kan ƙarfe, ni kuwa zan ƙara abin da mai amfani da shi kullum yake gani, domin yarana da irinsa suke ɗebo mana ruwa. Malam ya fara auna faɗin ƙofar zaurensa da lungun da ya fi matsewa a hanyarsa kafin mai walda ya yanka ƙarfe, domin amalanken da ba ya shiga gida a waje zai kwana, wanda ya kwana a waje kuwa an san makomarsa. Jarka kuma a cika ta fal a rufe, saboda rabin jarka tana tambal-tambal tana fizgar keken gefe da gefe fiye da cikakkiya. A ɗora nauyin a kan tayoyin, a ɗan matso da shi gaba kaɗan, domin idan ya koma baya hannun amalanken ɗaga keken yake yi. Tukunyar gas a tsaye ake ɗaukarta, don haka a yi mata zobe ko ɗan akwati a ƙasan gadon. Inda ban yarda da Baba ba shi ne batun taya, domin a yashi irin namu siririyar tayar keken yara nutsewa take yi, sai an nemo mai faɗi.

Malamin Firamare, Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hanyarmu jar ƙasa ce mai tauri, yashin bai kai na Maraɗi ba, amma zan nemi taya mai faɗin saboda caɓin damina. Baba, shin gadon ya zauna a saman tayoyin ne domin ya samu faɗi, ko a tsakaninsu?

Tsohon Mai Gyaran Keke:

A tsakaninsu, Malam, kuma a daidai tsayin ƙarfen tsakiyar taya ko ƙasa da shi kaɗan, domin duk yadda kaya suka yi sama haka amalanken zai yi saurin kifewa. Faɗin jarka biyu a jere ya ishe ka. Ka sa masa jan abu mai ƙyalli a baya saboda masu babur da daddare, kuma ranar da za ka karɓo shi ka je da jarkunanka cike da ruwa ka zagaya a gaban mai waldar kafin ka biya shi cikon kuɗinsa.