Tazarar haihuwa: abin da ungozomomi suka ce wa sabbin ma'aurata

Tattaunawar ungozomomi da ma'auratan ta fi tsayawa kan allurar tazarar haihuwa ta Depo, don ita matasa suka fi tambaya. Ana yin allurar duk bayan wata 3. Zubar jini kaɗan-kaɗan ba lokacin al'ada ba, ko ɗaukewar al'adar gaba ɗaya, abu ne da aka saba gani, saboda allurar na rage kaurin bangon mahaifa. Jinin ba ya taruwa a ciki kamar yadda ake yaɗawa. Sai dai bayan an daina, ciki kan jinkirta har wata 10 ko fiye, shi ya sa ba a ba amaryar da ke son haihuwa baɗi shawarar allura.

Ashanar hannu kuwa, wadda ake sakawa ƙarƙashin fatar damtse, mai suna Implanon tana aiki shekara 3, mai suna Jadelle shekara 5, kuma da an cire, haihuwa na dawowa da wuri. Kada a yarda wani a kemis ya saka ko ya cire. Aikin ma'aikaciyar asibiti ne.

Ƙwayar sha tana son lokaci ɗaya kullum. Mai hawan jini ta guji ƙwayar da ke da sinadarin hormone iri biyu, don haka a auna jini tukuna.

Shayarwa tana hana ciki ne kawai idan jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba.

Ungozomomin sun nanata miji ya raka matarsa asibiti, ya ji bayanin da kunnensa. A cikin hanyoyin tazarar haihuwa, kwaroron roba kaɗai ke kare mutum daga cututtukan sanyi da ƙanjamau.