Ku da kuka je Rubavu, ina ne ya fi ba ku wuya?

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum. Sababbin shiga suna ta tambayata yadda tafiyarmu ta Ruwanda ta kasance, ni kuwa bakina ɗaya, gara kowa ya faɗi nasa. Ga wanda bai sani ba, gasar Ironman 70.3 ce ta Rubavu, bakin tafkin Kivu, an fara ta a 2022. Iyo kilomita 1.9, keke kilomita 90, gudu kilomita 21.1, a jere ba hutu, cikin awa takwas da rabi. Rabin babbar ke nan, wadda aka soma a Hawai a 1978. Mu bakwai Koci ya kai. Don Allah a faɗi gaskiya, ban da cika baki.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ni dai ruwa. Mu 'yan Jos tsoron ruwa aka shayar da mu, kuma da dalili, don kududdufan da haƙar kuza ta bari daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi sun ci yara ba kaɗan ba. Inna ta taɓa zane ni da tsumagiya don kawai an ce an gan ni a bakin ɗaya. To sai ga ni da shekara 41 ina koyon iyo a wani otal. Mako uku cur Koci bai bar ni na motsa hannu ba, sai dai in tsoma fuska in hura kumfa, in ɗago, in sake. Yara 'yan firamare suna wuce ni suna ƙunshe dariya. Tsawon wurin mita 20 ne, wato sai ka kai bango sau 95 kafin ka cika nisan gasar, ga ruwan Jos a watan Janairu kamar daga firij aka kwaso shi.

Na ɗauka na iya. Ranar da na shiga Kivu na gane ashe bangon nake dogara da shi. Ba bango, ba zane a ƙasa, ka duba ƙasa sai duhu. Ban yi nisa ba diddigen wani ya daki tabarauna, ruwa ya cika min ido, numfashi ya tsaya a maƙogwaro. Wallahi muryar Inna na ji. Na kama gefen ƙaramin kwale-kwalen masu tsaro, yaron da ke ciki yana min magana da yaren da ban sani ba, ni kuma ina ta Hasbunallahu. Abin da ya cece ni, Koci ya sha nanata mana cewa doka ta yarda ka riƙe kwale-kwale ka huta, muddin bai ja ka gaba ba. Na gyara tabarau, na ƙirga numfashi goma, na saki. Daga nan ban ƙara kallon nesa ba, balan-balan ɗin alama na gaba kawai nake nema. Minti 58 na yi, ana rufewa a awa ɗaya da minti goma. Da na taka yashi gwiwata rawa take kamar mazari.

Ɗan Gangare: Yaya, ashe shi ya sa ka fito kana kuka, mu muka ce ruwa ne a fuskarka.

Baban Ummi: Ruwa ne, ƙanena. Ka bar shi a haka.

Anti Nas: Ku maza kun samu sauƙi. Mu biyu mata tun daga kayan sawa aka fara. Rigar iyo mai rufe jiki duka muka sa, ta farko da na saya tana da faɗi, tana cika da ruwa tana ja na baya kamar na goya yaro. Sai da tela ya rage ta sau biyu. Ga aikin dare a asibiti: in sauka ƙarfe takwas na safe, in hau keke da ido jawur. Maigida, Allah ya saka masa, shi yake bin mu a mota duk Lahadi har Mararabar Jama'a da fitila a kunne, don masu tifa ba su san darajar mai keke ba. Surukata kuwa har yau ba ta sauko ba. Da na dawo na miƙa mata lambar yabon, ta juya ta gaba da baya ta ce, "To nawa suka ba ki?" Na ce Hajiya ai mu muka biya. Ta ajiye ta a kan tabarma ta ci gaba da tsince wakenta.

Mai Faci: Keke dai Jos ta yi mana rana. Muna kwana muna tashi a tudun da ya kai wajen mita 1,200, tafkin Kivu kuma yana wajen 1,460, don haka iskar ba ta baƙunce mu ba. Na ga ƙarti da kekuna na miliyoyi suna haki a hawa, ni da na gwanjo ina wuce su. Abin da ya kusa cin mu shi ne sabo da tafiya a jere, kowa a gindin tayar ɗan'uwansa. A gasa haramun ne, sai ka bar tazarar mita 12, in ba haka ba alƙali ya ɗaga maka kati ka je ka tsaya zaman hukunci. Wata biyu kafin tafiya Koci ya raba mu, kowa ya sha iskarsa shi kaɗai, muna ta gunaguni. Sannan a koyi canza tib da hannu, don ba mai faci a bakin hanya. Kuma kar a sauka ana gobe gasa: akwatin kekena sai da ya kwana bai iso ba, da ba mu je da wuri ba da kallo zan yi.

Alhajin Farin Gada: Tunda an ce gaskiya, ni ban gama ba. An tare ni a ƙarshen keke, iyo da keke a haɗe awa biyar da rabi ake bayarwa, na haura da minti tara. Aka cire min na'urar lokaci daga ƙafa, yarinyar da ta cire tana ta ba ni haƙuri kamar ita ta jawo. Laifina ne. Na tsallake dogayen Lahadi da yawa saboda kasuwa, kuma ranar na ƙi cin komai a kan keke don cikina ya murɗa. Wajen kilomita 65 duniya ta yi min fari, ƙafa na juyawa amma ba kowa a ciki. Dabinon da Koci ya ce in riƙa ci duk bayan minti ashirin, a aljihu na dawo da shi Jos. Sai dai ban yarda da Mai Faci ba cewa hawan bai da wuya. Kai kilo 60 ne, ni 94.

Mai Faci: Allah ya huci zuciyar Alhaji, na janye.

Malamin Lissafi: Ba wanda ya ambaci azumi, ya faɗo mana a tsakiyar shiri. Koci ya rage nauyi, ya mai da gudu bayan tarawihi, keke kuma bayan asuba tun ruwan sahur yana jiki. Na zaci za mu koma baya, ba mu koma ba. Ni wahalata sauka daga keke a fara gudu. Kilomita biyun farko ƙafa kamar ta aro. Daga na 15 kuma da tafiya na haɗa, ina jiƙa kai a duk wurin ba da ruwa. Anti Nas ta wuce ni a na 18, ko kallona ba ta yi ba.

Anti Nas: Malam, da na juyo da faɗuwa zan yi.

Koci: Na karanta duka. Gyara biyu. Baban Ummi, kuskurena ne da ban kai ku buɗaɗɗen ruwa ba kafin tafiya. Bana za mu nemi inda ke da masu ceto da kwale-kwale, kuma kar in ji wani ya je kududdufi shi kaɗai da sunan atisaye. Alhaji, minti tara Lahadi huɗu ce, ba ƙari, kuma sunanka na nan a takarda ban goge ba. Sababbi, Asabar ƙarfe shida da rabi a wurin iyo. Wanda bai iya ba ya zo da tawul biyu, kumfa za mu hura.