Ina so in koma sashen likitancin nukiliya, amma Inna ta ce aikin yana hana haihuwa

'Yar Birnin Kebbi: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na gama digirin rediyogirafi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na yi shekarar horon aiki, yanzu ina ɗaukar hoton eksire a wani asibiti nan Birnin Kebbi. Hankalina ya karkata ga likitancin nukiliya, inda ake yi wa mara lafiya allurar sinadari mai fitar da radiyeshin sannan a ɗauki hoton yadda gaɓoɓinsa ke aiki. An sa ranar aurena bayan Sallah, Inna kuma ta dage wai wannan aiki yana hana haihuwa. Don Allah waɗanda suka san aikin su faɗa mini gaskiyar haɗarinsa, da yadda ranar aiki take, da ƙofar da ake bi a shiga.

Malam na Gusau: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Abin da zai fara ba ki mamaki shi ne a nan injin ba ya fitar da komai, mara lafiyar ne ke fitarwa, kuma maganin narkewa yake yi kamar ƙanƙara a rana. Sinadarin da aka fi aiki da shi, Tc-99m, rabin ƙarfinsa yana tafiya duk bayan awa 6. Ana tatso shi da ruwan gishiri daga wata tukunya mai rufin dalma da ake kira janareta, wadda ke ɗauke da Mo-99, sinadarin da ke rikiɗa ya zama Tc-99m. Shi wannan rabinsa yana tafiya ne cikin awa 66, kuma daga ƙasar waje ake kawo shi, don haka in kaya suka maƙale kwana uku a filin jirgi, fiye da rabin kuɗin ya bi iska.

Da safe, kafin a kira kowa, za ki gwada na'urar auna ƙarfin magani da Cs-137, wani sinadarin gwaji da aka san ƙarfinsa, ki tabbatar karatunta bai kauce ba. Sai ki tatsi janareta, ki duba ko Mo-99 ya biyo ruwan: kada ya wuce 0.15 kBq a kowane MBq na Tc-99m (MBq shi ne ma'aunin ƙarfin maganin, kBq kuma kashi ɗaya ne cikin dubunsa). Daga nan sai haɗa magani. A hoton ƙashi, wanda ake yawan nema don a ga ko kansar mama ko ta mafitsarar maza (prostate) ta bazu, ana haɗa Tc-99m da MDP, sinadarin da ke kai shi ga ƙashi, babba ya sami wajen 740 MBq. Ki riƙe lissafin lokaci: in ƙarfe 8 kika zuƙa a sirinji, allurar kuma sai 11, to wajen 1,050 za ki zuƙa. Bayan allura a jira awa 2 zuwa 3, ya sha ruwa sosai, ya yi fitsari daf da hawa gado.

Kuskuren sabon shiga shi ne barin iska ta shiga 'yar kwalbar haɗin. Iskar tana lalata kuzar da ke ɗaure sinadarin da MDP, sai ki ga tumbi da tayirod, wata gaɓa da ke gaban wuya, sun fito fes a hoton da ya kamata ƙashi kaɗai ya fito. Ɗigon fitsari a wando ma yana fitowa kamar ciwo a ƙugu, shi ya sa ake sa mutum ya canza kaya a sake ɗauka kafin likita ya rubuta abin da babu.

Anti ta Yauri: Ki gaida Inna, tsoronta na uwa ne, amma lissafi bai goyi bayansa ba. Iyakar da aka yanka wa ma'aikaci ita ce 20 mSv (ma'aunin radiyeshin da jiki ya ɗauka) a shekara, a matsakaicin shekara 5, kuma wannan yana ƙasa ƙwarai da abin da ke taɓa haihuwa. Za a ba ki bajo na ƙirji da zoben yatsa masu ƙirga abin da jikinki ya ɗauka. Yatsu ne suka fi shan wahala, don haka sirinji ya kasance cikin rigarsa ta dalma ko tungistan, kwalba kuma da hantsaki ake ɗaukarta, ba da hannu ba. In kika ninka tazara tsakaninki da wanda aka yi wa allura, abin da ke iso ki ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ba a ci, ba a sha, ba a shafa kwalli a ɗakin haɗa magani.

Inda kunya ke cutar da matanmu shi ne ɓoye ƙaramin ciki. Ranar da kika tabbatar, ki sanar da jami'in kula da radiyeshin a rubuce, domin iyakar ɗan tayi 1 mSv ce har a haihu. Yawanci sai a ɗauke ki daga haɗa magani da kuma duk abin da ya shafi I-131, wato aidin mai radiyeshin da ake maganin tayirod da shi.

'Yar Birnin Kebbi: Na gode Anti. To rigar dalma da muke sawa a ɗakin eksire fa, ba ta isa ba?

Anti ta Yauri: Tana rage na Tc-99m, mai ƙarfin 140 keV (ma'aunin ƙarfin hasken da yake fitarwa), amma ba kamar yadda take tare eksire ba. Ga I-131 kuwa, mai 364 keV, kusan nauyi kawai kika ɗora wa kafaɗarki. Sauri da tazara sun fi ta amfani.

Injiniya na Argungu: Malam ya tsallake kyamara, wato injin da ke ɗaukar hoton. Cikin kanta akwai wani faifan kiristal da ba ya son sauyin zafi na farat ɗaya. In aka ɗauke wuta a watan bazara, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, zai iya tsagewa, gyaransa kuma sai an sauya. Kullum da safe ana gwada daidaiton hotonta da farantin Co-57, mai fitar da radiyeshin bai-ɗaya. In tabo ya fito a gwajin, kada a ɗora kowa.

Baba na Zuru: 'Yata, maganar ƙofa. Cibiyoyin gwamnati da aka sani da wannan aiki su ne ta asibitin koyarwa na UCH Ibadan, wadda ta buɗe a 2006 da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Guraben kaɗan ne, saboda haka kada ki ajiye aikin da ke hannunki. Ki ci gaba da sabunta lasisinki na RRBN, hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti, ki nemi shugaban asibitinku ya rubuta miki takardar zuwa koyon aiki a ɗaya daga cikinsu, ki kuma yi kwas ɗin kariya daga radiyeshin da hukumar sa ido kan nukiliya ta Najeriya, NNRA, ta amince da shi. Ki ƙware a CT tun yanzu, don sababbin injinan haɗe suke da shi. Kafin ki tafi ki kira sashen ki tambayi yaushe janareta zai iso, kada ki yi wata guda kina kallon kyamara a rufe. Maganar zaman Abuja ko Ibadan kuma, ku gama ta da angon tun kafin a ɗaura.