Neman kalmar Hausa: fim ɗin da ake ɗauka ta sama

Malamin makaranta, Jidda: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan nuna wa ɗalibaina wani shirin talabijin da ke nuna ƙasashen Afirka yadda aka ɗauki hotonsu ta sama daga cikin jirgi, tun daga dutsen Kilimanjaro mai tsayin mita 5,895 har zuwa kogin Okabango na Botswana, wanda ruwansa ke bazuwa a Kalahari bai kai teku ba. Larabcin shirin ya kira wannan ɗauka ta sama taswir jawwi, ya kuma kira irin wannan shiri, mai nuna abin da yake na gaske, wasa'iƙi. Da me zan fassara su?

Hajiya, Madina: Malam, kada ka rubuta "hoto daga sama", domin idan Bahaushe ya ce abu ya zo daga sama, yana nufin ya faɗo ba zato ba tsammani. Ni ina ganin "ɗaukar shawagi" ta fi, tunda jirgin shawagi yake yi a kan wurin yana ɗauka, ko mai matuƙi ne ko maras matuƙi.

Baba, Makka: Shawagi aikin jirgi ne, alhali mai kallo ba jirgin yake gani ba. Abin da ake nuna masa shi ne yadda tsuntsu ke ganin ƙasa, saboda haka sunansa "idon mikiya". Waɗanda suka raɗa "jirgi mai saukar ungulu" ai tsuntsu suka duba, kuma sunan ya zauna daram. Ni da na girma a Sudan na sha tsayawa a Mugran, inda kogunan Nilu biyu suke haɗuwa a Khartum, amma sai da aka nuna wurin ta sama na ga yadda launin ruwan biyu yake tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin ya gauraya.

Ɗalibi, Madina: Baba, a gafarce ni, amma a gida Najeriya "idon mikiya" ya riga ya zama sa ido da bin diddigi, musamman a kan masu mulki. Wasa'iƙi kuwa Larabci ne zalla. Mu dokimantare muke ji.

Baba, Makka: Yaro, wato aron Turanci halal ne, aron Larabci kuma gurɓata harshe? Littafi da alƙalami da darasi daga ina kuka samo su? Kullum kuna cewa Hausarmu ta nan ta lalace, alhali ku ba ku iya jera jimla uku ba tare da Turanci ba.

Hajiya, Madina: Baba, a yi haƙuri, Malam yana da aji jibi. Kalmar wasa'iƙi daga wasiƙa take a Larabci, wato takardar shaida, amma wasiƙa a Hausa ta koma saƙon da ake aikawa, don haka yaro zai iya ɗauka fim ne na wasiƙu. A gwada "shirin zahiri", domin a bambanta shi da wasan kwaikwayo.

Ɗalibi, Madina: Labarai ma ai zahiri ne, Hajiya.

Malamin makaranta, Jidda: Na gode. Na ɗauki "ɗaukar shawagi". Ɗayar kuwa zan bar wasa'iƙi a wannan karon, tunda ita yaran suke ji a gidajensu, in yi musu bayani da baki.

Baba, Makka: Ajinka ne, Malam. Amma in jikokina suka tambaye ni, idon mikiya zan ce musu.