Shin awon taki ya raba kakanninmu da gonakinsu?

Ɗan Dawakin Kudu: Assalamu alaikum. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin da ya ji daga mahaifinsa, cewa a zamanin Sarkin Kano Abbas malaman taki, wato masu auna gona da takun ƙafa, sun zo gonarmu bayan girbi, suka bi iyaka suna ƙirga sawunsu tun daga gindin tsamiya har bakin burtali, dagaci yana biye da su. Shin wannan awo yana nufin Turawa sun karɓe mallakar gonar ne?

Tsohon Malamin Makaranta: Wa alaikumus salam, ɗana. Awon taki don yanka haraji aka yi shi, gwargwadon faɗin gonar mutum. Maganar mallaka kuwa daban take. Bayan cin Kano a 1903, an kafa kwamiti a Landan a 1908, zamanin Gwamnan Arewa Girouard, kuma shawarar kwamitin ta haifar da dokar 1910 da ta sanya dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, wai yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. A takarda, abin da ya rage wa manomi shi ne iznin zama da noma, amma a ƙauye gado da aro da jingina sun ci gaba a gaban dagaci da alƙali, kuma ba a kawo Turawa manoma an danƙa musu filaye kamar yadda aka yi a Kenya ba.

Bahaɗejiya: Malam, a gafarce ni, ina ganin an sassauta wa Turawa a nan. Wanda aka tilasta masa biyan haraji da tsabar kuɗi a kan kowane taki, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, ai an shiga gonarsa ko da ba a kore shi ba. Da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, gyaɗa ta ci wurin gero da dawa a gonaki da yawa, domin ita ce ke kawo kuɗin da mai unguwa yake jira a bakin zaure.

Tsohon Malamin Makaranta: Gaskiyarki, 'yata. Harajin ma bai tafi tare da Turawa ba, sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi a Jihar Kano tare da jangali. Dokar ƙasa kuwa an sabunta ta a 1962, sannan ta 1978 ta miƙa filayen kowace jiha ga gwamnanta.