Tawadar Allah a kumatu: a cire ta kafin biki ko a dakata?

Maman Hanifa, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Ƙanwata tana da tawadar Allah a kumatun hagu tun haihuwa, kuma tunda aka sa ranar aurenta ta dage sai an cire ta. Wata mai gyaran jiki ta ce za ta ƙone ta da wani mai, wanzamin unguwarmu kuma ya ce aikin minti biyar ne. Hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba, shi ya sa nake neman shawararku.

Anti Nas, Rayfield:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada mai ko aska su taɓa ta sai likitan fata ya duba, kuma kuna iya fara tambaya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Yawancin tawadar Allah ba ta da illa, amma likita yana lura da ko gefenta ya yi zigi-zaga, ko launinta ya gauraya, ko faɗinta ya wuce milimita 6, ko kuma ta fara girma, ƙaiƙayi ko zubar da jini. Idan akwai shakka, sai ya yi allurar kashe zafi, ya yanke ta gaba ɗaya, ya ɗinke, sannan a kai naman ɗakin gwaji a duba ko sankarar fata ce. Wadda aka ƙone kuwa, ko da leza ce, wato na'urar da ke ƙonawa da haske, ba ta barin abin da za a gwada. Ana cire zaren ɗinkin fuska cikin kamar mako guda, amma tabon yakan ɗauki watanni kafin ya dushe.

Baban Khalifa, Bukuru:
Ina goyon bayan Anti. Wanzami ya yanke mini wata a ƙirji shekaru shida da suka wuce, sai tabon ya yi tudu, ya ninka ta girma, har yau yana yi mini ƙaiƙayi. Mu baƙar fata mun fi saurin yin irin wannan tabo, don haka ku duba ko wurin hujin kunnenta ya taɓa kumbura.

Anti Nas:
Na manta ban ce ba, a nuna wa likitan tafin ƙafarta da farcenta ma, domin a nan sankarar fata ta fi ɓoyewa a jikinmu. A ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa ta fara wa Bob Marley, wanda ya rasu a 1981.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da alheri. Kunnenta na dama ya taɓa yin wannan tudun, kuma saura mako bakwai biki, saboda haka ranar Litinin zan kai ta da kaina.