Na gaji akwatin faifan jaz, ta ina zan fara?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Bayan an gama rabon gadon mahaifinmu, akwai wani akwatin ƙarfe a ɗakinsa da babu wanda ya ko kalle shi, sai Hajiya ta ce in ɗauke tunda ni ne mai kwashe-kwashe a gidan. Cike yake da faifan garmaho. Baba ya yi aikin reluwe, mun san shi da Shata da Ɗan Maraya Jos, kuma duk suna ciki. Amma kusan rabin akwatin jaz ne na baƙaƙen fatar Amurka, abin da ban taɓa jin ya saka a gabanmu ba.

Wanda ya tsayar da ni shi ne na wani Pharoah Sanders, an rubuta a bangonsa Summun Bukmun Umyun. Na ce ikon Allah, me ya haɗa mai busa a Amurka da ayar Suratul Baƙara? Akwai wani nasa kuma, Karma. Akwai A Love Supreme da Ascension na John Coltrane, da Eastern Sounds na Yusef Lateef.

Ba ni da na'urar saka su, sai na nemo Karma a YouTube. Farkonsa daɗi, kiɗa a kwance, ga ƙararrawa, ga wani mutum yana rera waƙa yana karya murya. Can tsakiya sai abu ya rikice, busar ta koma ƙara da kururuwa, har na zaci lasifikar wayata ce ta fashe. Maiɗakina ta leƙo tana tambaya ko lafiya.

To masana, da gangan suke yin wannan ƙarar? Wanne ya kamata in fara ji? Sannan maƙwabcinmu yana da tsohon garmaho irin mai wani da hannu, ya ce in kawo mu gwada. In kai?

Malam na Gwale:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗana. Wanda ya tara waɗannan faifai ba da ka ya tara su ba, yana da kunne.

Da gangan ne, kuma ba kowane mai busa ne zai iya ba. Ka taɓa tsayawa kusa da masu algaita a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe? Kumatu a kumbure, jijiyar wuya a miƙe, yana shaƙar iska ta hanci busar ba ta yanke ba, sautin kuma siriri mai kaifi har cikin haƙori. Baƙon da bai saba ba toshe kunne zai yi. Kai kuwa tsigar jikinka ce za ta tashi, don ka san Sarki ya kusa. Da wannan kunnen za ka saurari Pharoah Sanders, ba da kunnen waƙar fim ba. Mu nan Kano mun riga mun saba da busar da ba ta lallashi, shi ya sa nake ganin jaz irin wannan ya fi kusa da mu fiye da yadda muke zato.

Amma kada ka fara da shi. Fara da Eastern Sounds, na 1961. Waƙar farko Yusef Lateef yana busa wata 'yar sarewar yumɓu ce ta ƙasar Sin, mai ramuka kaɗan, yana ta juya 'yan sautukan nan ba gaggawa. Ko Hajiya ta shigo ba za ta ce a kashe ba. Kuma mutumin nan namu ne ta wani ɓangaren: ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, a kan sarewar Fulani. A Legas ya ɗauki faifansa In Nigeria a 1983, tare da makaɗan ƙasar nan. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan kiɗa da wasannin Hausa, ya fito a 1987. Ya rasu a 2013 yana da shekara 93. Abin takaici, ka tambayi ɗaliban Samaru na yau, da wuya ka sami wanda ya san sunansa.

Daga nan sai A Love Supreme. Su huɗu ne kacal, kuma a zama ɗaya suka ɗauke shi, ranar 9 ga Disamba 1964: Coltrane a saksafon (ƙahon busa na ƙarfe), McCoy Tyner a fiyano, Jimmy Garrison a bes (babban abin kiɗa mai tsirkiya da kaurin sauti), Elvin Jones a ganga. Coltrane ya yi fama da ƙwaya da giya, ya rabu da su a 1957, wannan faifan kuma godiyarsa ce ga Ubangiji, shi da kansa ya rubuta haka a jikin bangon. Ka buɗe ka gani. In ka saka, ka ƙyale busar tukuna, ka kama bes ɗin. Sautuka huɗu ne yake maimaitawa. Wajen ƙarshen kashi na farko Coltrane zai ɗauki sautukan nan huɗu ya yi ta yawo da su, ya hau sama, ya sauko ƙasa, ya koma gefe, sannan ya ajiye ƙahon ya faɗe su da bakinsa. In ka riƙe wannan igiyar, to ka sami hanyar Karma, don shi ma bes ɗinsa da irin wannan takun yake tafiya. Pharoah yaron Coltrane ne, ya shiga ƙungiyarsa a 1965, Karma kuma ya fito a 1969, shekara biyu bayan rasuwar maigidan. Babbar waƙar Karma ta haura minti talatin, har sai da aka raba ta fuska biyu a faifai. Ƙarar da ta firgita ka ba ita ce ƙarshe ba. Ka daure, za ka ji guguwar ta lafa, bes ya dawo, mai karya muryar nan, Leon Thomas, ya sake shigowa. Daɗin dawowar ba ya samuwa sai an bi ta cikin ƙarar.

Batun aya kuwa, tun ƙarshen shekarun 1940 makaɗan jaz da yawa suka karɓi Musulunci: Art Blakey ya zama Abdullah Ibn Buhaina, ga Ahmad Jamal, ga shi Lateef, ga McCoy Tyner. Larabci da sunayen Afirka suka shiga bakin masu wannan kiɗa, mutanen da ke neman asalin da bauta ta raba kakanninsu da shi. Pharoah yana da wani faifan ma mai suna Tauhid, na 1967. Summun Bukmun Umyun na 1970 ne, sunan kawai ya ɗauko, abin da ke ciki ganguna ne da busa. Ni dai da an shawarce ni da na ce ya bar aya a muhallinta, amma kiɗan kam ya yi.

Ascension ka bar shi ƙarshe.

'Yar Zoo Road:

Allah ya gafarta wa Baba. Malam, a yi mini afuwa, ni cewa zan yi ya bar Ascension a cikin akwatin gaba ɗaya. Mutum goma sha ɗaya kowa na busa kan mai uwa da wabi, na gwada ya ci ƙarfina. Ba duk abin da babban mutum ya yi ne dole a so ba.

Yaya, ni ma'aikaciyar jinya ce, in na sauko daga aikin dare kaina na sarawa, abin da nake sakawa shi ne Journey in Satchidananda na Alice Coltrane, matar shi John ɗin, na 1971. Tana kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake jinginawa a kafaɗa. Pharoah ɗin nan da ya tsorata ka yana ciki, amma a nan lafiya lau yake busa, ba za ka ce shi ba ne. Sai dai ka sani, sunan malaminta na addinin Hindu ta sa wa faifan, kada ka je ka gani daga baya ka ce ban faɗa maka ba.

Sannan kullum in ana maganar jaz sai a tsaya a Amurka. Ka nemi Abdullah Ibrahim na Afirka ta Kudu, wanda a da ake kira Dollar Brand kafin ya musulunta a 1968. Mannenberg, da ya ɗauka a Kef Tawun a 1974, ita ce mutanensu suka riƙa sakawa a tarukan yaƙi da wariyar launin fata, alhali ba waƙa ba ce mai baituka, fiyano ne da saksafon. Yarana ma suna rawa da ita.

Mai Gyaran Rediyo, Sabon Gari:

Oga, kada ka kai! Garmaho mai wani na faifan da ne, masu gudu 78, wato zagaye 78 a minti, allurarsa ƙarfe ce kuma kansa da nauyi. Naka masu gudu 33 ne, roba ce mai laushi. Sau ɗaya allurar nan ta bi ta kai, ta noma layin, an gama.

Ka nemi na'ura mai lantarki, ko ta gwanjo ce, amma ka sa a canza allura. In ka ji waƙa tana jan ƙafa, bel ɗin da ke juya faifan ne ya saki, ba tsada. Faifan kuma ka fitar da su daga akwatin ƙarfen nan yau, zafin Kano lanƙwasa su yake yi. A tsaye ake jera su, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, kuma nesa da taga saboda ƙurar hunturu. Wankewa: ruwa mai tsabta, ɗigon sabulun ruwa, tsumma mai laushi, ka bi layin a zagaye, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Ban da fetur, ban da kananzir, na ga wanda ya yi.

In wani ya zo ya ce zai kwashe duka ya ba ka na cefane, kada ka yarda sai ka duba farashinsu a Discogs, shafin intanet na cinikin faifai.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na fitar da su, biyu sun ɗan lanƙwashe. Malam, na ji Eastern Sounds jiya bayan isha'i, ya shige ni. Anti, na ajiye sunan Mannenberg.

Malam na Gwale:

'Yata ta Zoo Road, ban ƙi taki ba, Alice da Abdullah Ibrahim duk zaɓi ne mai kyau. Amma kan mai uwa da wabi kam ban yarda ba. Ascension yana da tsari: duka su busa tare, sai su ja baya mutum ɗaya ya fito, sai su sake haɗuwa, sai wani ya fito. Haka har ƙarshe. In kin san wanda ke gaba, ko Freddie Hubbard ne da kakakinsa, ko Archie Shepp, ko Pharoah, sai ki ji kowa da irin muryarsa. Ni ma ba kullum nake iya jin sa ba, sai ranar da gida ya yi shiru.

Tunda ka ji daɗin Lateef, ɗana, ƙara da The African Beat na Art Blakey, 1962. Lateef yana ciki, da Solomon Ilori ɗan Najeriya. In kuma kana son ka ji algaita da kanta a cikin jaz, Ornette Coleman ya je ƙauyen Jajuka a Maroko a 1973 ya yi busa da masu algaitarsu, an sa guntun abin a Dancing in Your Head.

Ka yi mini wani abu. Ɗauko Ascension ɗin, ka karkata shi a hasken rana, ka duba santsin da ke tsakanin ƙarshen layi da takardar tsakiya. Sau biyu suka ɗauki kiɗan a Yunin 1965. Bayan faifan ya fita kasuwa Coltrane ya ce ba wannan yake so ba, a sa ɗayan, sai kamfanin Impulse! ya canza, ya karce EDITION II a wurin nan. In naka babu wannan rubutun, to na farkon ne, kuma sun fi wuyar samu. Ka duba ka gaya mini.